Singiletin Da Ya Zaga Kamazou

Ku da kuke shigowa shagona a unguwar Television da laftof duk jikinsa sitika, kuna cewa rubuta manhaja ai ba wani aiki ba ne, mutum ya tambayi waya ta rubuta masa ya kwafa ya manna, ku ja benci ku zauna. Zan ba ku labarin layi ɗaya. Layi ɗaya tak na rubuta, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, amma saura ƙiris ya raba wani dattijo da aikin da ya shekara talatin yana yi, ni kuma ya liƙa mini sunan da har yau ban samu sabulun wanke shi ba.

Sunana Iliya. A Kakuri na koyi aiki, wurin wani mutumin gabas da ake kira Oga Emeka, mai shagon buga takardu. Kwamfutocinsa irin masu ƙatuwar ƙeyar nan ne, in ka kunna ɗaya sai ka je ka sayo ƙosai ka dawo kafin ta farka. Shekarata ta farko ban rubuta ko harafi ɗaya na manhaja ba. Kayan aikina tsohon buroshin haƙori ne na share tsakanin maɓallai, da sukundireba, da igiyar janareto wadda ta cinye mini fatar hannu. Da ya ga ban gudu ba, sai ya fara koya mini, shi ma a kan takarda. In aka ɗauke wuta sai ya miƙo mini littafi ya ce in rubuta manhajar da biro, shi kuma ya zauna ya zama kwamfuta, yana bin layi ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Kwamfutar gaske in ka yi kuskure saƙo take nuna maka. Oga Emeka ranƙwashi yake nunawa.

A cikin duk abin da ya koya mini, wanda na fi cin abinci da shi shi ne hash map, wasu na ce masa dikshonari. Ku ɗauka bango ne da ƙusoshi, kowace ƙusa da sunan mutum a kanta. Ka faɗi suna, kwamfuta ta kai ka kan ƙusarsa kai tsaye, ba sai ta bi bangon tana lalube ba. A jikin kowace ƙusa kana iya rataye buhu, wato jeri, inda za ka riƙa zuba kayan mai sunan. Aikin ke nan gaba ɗaya. Mutum ya kawo sabon abu, ka je ƙusarsa. In da buhu, ka zuba a ciki. In babu, ka rataye sabo, sannan ka zuba. Na ga kuna murmushi, wai wannan ai ko ɗan firamare. Haka ni ma na yi murmushi.

Aikin farko da Oga ya sakar mini na wata ƙaramar makaranta ce a Mahuta. Suna son a danna sunan uba, 'ya'yansa su fito. Ni kuwa duk yaron da na shigar, maimakon in zuba shi a buhun ubansa, sai in rataye sabon buhu a ƙusar, tsohon ya faɗi ƙasa da duk wanda ke ciki. Ranar karɓar sakamako wani mahauci mai 'ya'ya tara ya zo, aka danna sunansa, auta kaɗai ta fito. Ya leƙa fuskar kwamfutar, ya leƙa tawa, ya ce, "Malam, kullum tara nake wa cefane. In ta ce ɗaya gare ni ban ƙi ba, amma ta zo da kanta ta kwashe takwas ɗin." Da na koma shago Oga Emeka ya kama kunnena ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Iliya, duba ciki kafin ka zuba! Look am first, ka ji ko?" Na ji, amma ashe rabin kunne ne ya ji.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ta zo bayan na buɗe nawa shagon. Waya ta shigo hannun kowa, masu zuwa buga wasiƙa da duba saƙo suka ɗauke ƙafa, Oga Emeka ya tattara ya koma gida. Har gizo-gizo ya yi saƙa a cikin firintata, ban kore shi ba, don shi kaɗai ke zuwa kullum. Ana cikin haka Madam Saratu ta shigo. Tsohuwar malamar makaranta ce da ke da gidan wanki da guga a Kamazou, kuma muryarta ba ta yi ritaya tare da ita ba. Ta ce tana son a shigar da kayan kowa a kwamfuta, ranar Juma'a in an gama guga ta danna abu ɗaya saƙo ya tafi wayar kowa da jerin kayansa. Ta ce in na yi da kyau za ta haɗa ni da duk matan ƙungiyarsu masu shaguna. A ranar har gizo-gizon na yi wa albishir.

A shagon nata na haɗu da Baba Audu. Shi ke karɓar kaya, shi ke wanki, shi ke guga, makullin shago kuma a wuyansa yake rataye da igiya tun zamanin mijin Madam yana da rai. Misalin bango da ƙusa da na ba ku ba daga littafi na samo shi ba, a bayan Baba Audu na gan shi da idona. Bango ne cike da ƙusoshi, kowace da wankakken buhun shinkafa, an rubuta sunan mai shi. Ban da wannan, kowace riga ta shigo sai ya soka mata ɗan zare a cikin lanƙwasar ƙasa inda mai ita ba zai gani ba, kowane gida da kalarsa da yawan ƙullinsa. Yana kuma da wata doka da ba ya ɗaga wa kowa: duk abin da aka kawo sai ya ɗaga shi sama a gaban mai shi ya faɗi aibinsa da baki, tabo ne ko yagewa, don kada gobe a ce shi ya yi.

Madam ta ce, "Baba, zamani ya wuce ƙusa da zare. Daga yau a daina."

Baba ya ce, "To, Madam." Irin "to" ɗin nan da ba e ba ne.

Ya yi yaƙi da jahilci yana saurayi, yana karatu yana rubutu, don haka aka ce shi zai riƙa shigar da kayan. Kwana biyu na yi ina koya masa. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana ɗaga shi sama sosai kafin ya sauke, amma ban taɓa kama shi da kuskuren harafi ba.

Yanzu ga layin. Madam ta ba ni sunayen duk wanda ya taɓa kawo mata wanki, da lambar wayarsa. Na ce a raina, maimakon kullum a tsaya duba ko akwai buhu ko babu, me zai hana in rataye wa kowa buhunsa tun yanzu, a wuce wurin? Yaren da nake rubutu da shi yana da hanyar yin haka a layi ɗaya: ga sunaye, ga buhun da babu komai a ciki, a ba kowa. Na rubuta, na jingina da kujera ina sha'awar kaina. Abin da ban lura ba, buhu ɗaya na miƙa mata, ita kuma kwamfuta ba ta san kara ba. Ba ta ɗinka wa kowa nasa ba. Buhun nan ɗaya ta ajiye a tsakiya, ta ja igiya daga kowace ƙusa zuwa bakinsa. Ka zuba ta ƙusar wane, ka zuba ta ƙusar wance, duk wuri ɗaya suke faɗawa, kuma duk wanda ka tambayi kayansa, buhun gaba ɗaya za a zazzage maka.

Ranar Litinin na je gwaji. Madam ta fita, daga ni sai Baba. Muna bukatar kaya na gaske, ni kuwa mai ɗakina ta yi sati biyu a Kafanchan wurin ƙanwarta da ta haihu, don haka na zo da 'yar ledar wankina a ɓoye, na ce a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Baba ya zura hannu ya zaro singiletina, ya ɗaga shi saitin taga.

"Singileti ɗaya, asalinsa fari," in ji shi. "Huji uku, ɗaya yatsa biyu na wucewa. Hammata ta ƙone."

Na ce, "Haba Baba, gwaji ne fa, ba sai an rubuta wannan ba."

Ya ce, "Doka ce, Injiniya. Ko na gwamna ne."

Na buga shi kamar yadda ya faɗa, har da gajeren wando mai saki a roba. Na danna sunana, kayana suka fito daidai. Na tafa. Baba ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Injiniya, a cikin nan kowa da buhunsa?"

Na ce, "Kowa da nasa, Baba." Ban danna ko suna ɗaya bayan nawa ba. Da na danna, da na ga singiletina zaune a gidan mutum, da labarin ya ƙare a nan.

Sati guda Baba yana shigar da kaya, allo yana ce masa an ajiye, ba ya nuna masa komai bayan haka. Ranar Juma'a da yamma Madam ta sa tabarau, ta yi addu'a, ta danna. Na tsara cewa duk wanda buhunsa ba fanko ba ne a aika masa saƙo. To, buhu ɗaya ne, kuma a cike yake. Saƙo ya tafi wurin kowa, har wanda rabonsa da shagon shekara uku, har wani da ya koma Jos. Kowa kuma abu ɗaya ya samu: kayanka sun shirya, singileti ɗaya asalinsa fari, huji uku, hammata ta ƙone, gajeren wando mai saki a roba, sai rigar amarya, labulen coci, manyan riguna, zannuwan gado, kayan 'yan makaranta, har bargon wani kare. Wayoyin mutane suka yi ta kuka kamar an taka wutsiyarsu.

Madam ta kira ni, sai da na nisanta wayar da kunnena. Nan na yi abin da nake jin kunyarsa har yau. Na ce, "Madam, ranar Litinin lafiya lau na bar ta. Ko an taɓa wani abu?"

Ta ce, "Na sani! Baba ne. Tun farko ba ya son ta."

Na bar ta a kan haka. Da ta kashe, na buɗe kwafin da ke wurina, ban yi minti biyar ba na ga layin yana kallona. Gyaransa bai fi a ce kowane suna a ɗinka masa sabon buhu ba. Na gyara, na ce gobe in je da sassafe in saka a ɓoye, in ce bairos ne, cutar kwamfuta. A sana'armu bairos shi ne maraya, kowa ya yi ɓarna a kansa yake saukewa.

Sassafen da na yi bai yi ba. Na tarar da ƙofar shago kamar ana rabon taki. Matar Fasto, wadda kowa ke ce wa Mami, tana gaba tana huci. Ashe Fasto yana taron dattawan ikilisiya saƙon ya shigo, ya manta tabarau a gida, ya ɗauka sanarwa ce daga hedkwata, ya miƙa wa wani dattijo ya ce ya karanta wa kowa da ƙarfi. Dattijon kuwa ya karanta har hammata. A gefe ga wani da ya taɓa neman kansila ya faɗi, amma sunan Honarabul ya zauna masa. Riga ɗaya ya kawo, ya zo da keke mai ƙafa uku da ya ɗauko shata.

"Ga shi a rubuce," yake cewa yana ɗaga waya. "Kayanka sun shirya. Kwamfuta ba ta ƙarya. A loda!"

Na matsa kusa da Madam na ce ƙasa-ƙasa, "Ina ganin bairos ne."

Ta ce da muryar aji, "Bairos! To wa ya sa mata? Mutum ɗaya ke taɓa ta a shagon nan." Ta juya. "Baba, shekara talatin, a ce da wannan za ka saka mini? Don na ce a daina ƙusa? Ba ni makullina."

Garin in kare kaina na ƙara ɗaure shi. Baba ya ajiye dutsen guga, ya sa hannu biyu ya cire igiyar daga wuyansa, ya ɗora makullin a kan tebur. Inda igiyar take kwanciya har ta yi masa layi a fata. Sau ɗaya ya dube ni, ba harara ba, kallo kawai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mami ta ce ita ba za ta motsa ba sai an fito da tsinannen singiletin da ya zubar wa mijinta mutunci, kowa ya gani ko ya yi kama da na bawan Allah. Baba ya shiga ciki ya fito da shi, ya ɗaga sama yadda ya saba. Rana ta ratso ta hujin nan uku. Aka kwashe da dariya. Honarabul ya ce, "Wannan kam na yafe wa shago, a loda sauran."

Madam ta ce, "Na wane ne, Baba? Faɗi!"

Ya ce, "Madam, kin karɓi makulli, naki ne. Amma mai wanki ba ya faɗin abin da ya gani a kayan mutane."

Ku duba fa. Mutumin nan kalma ɗaya zai faɗa a san wanda ya fara taɓa kwamfutar, a san ta wurin wa ɓarna ta shigo. Ya rasa aikinsa saboda ni, kuma yana rufa wa hammatata asiri. Na tuna matan ƙungiya da shagunansu, na tuna gizo-gizo yana jirana. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji biyu.

Na ce, "Nawa ne."

Sai wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce, "Injiniya, da wannan kake zuwa gyaran kwamfuta?" Dariyar da aka yi a karo na biyu ta fi ta farko, har direban keken Honarabul sai da ya sauko ya riƙe ciki.

Na jira suka lafa, na ce ba bairos ba ne, ba Baba ba ne, ni ne. Na ga bayani da baki ba zai shiga ba, sai na ɗauko buhu ɗaya na ajiye a tsakar shago, na kwance igiyar shanya na ja ta daga ƙusoshi huɗu zuwa bakinsa. Na ce wa Mami ta jefa gyalenta ta ƙusar Fasto, Hajiya ta jefa nata ta ƙusarta. Sannan na ce wa Honarabul ya ja igiyarsa. Ya ja, buhun ya taho masa da gyale biyu. Na ce, "Abin da na gina ke nan. Singiletina ne ya fara shiga, ranar Litinin, kafin Baba ya shigar da ko hankici. Ya tambaye ni ko kowa da buhunsa, na ce masa e ban duba ba."

Madam ta cire tabarau ta mayar. Malama ce, ta gane tun kafin in rufe baki. Ta ce, "To yanzu wa ya san kayan wa da na wa? Amarya ƙarfe biyu za ta shiga coci!"

Baba ya yi gyaran murya. Ya ɗauki babbar riga, ya juya lanƙwasar ƙasa, ga ɗan jan zare da ƙulli biyu. Ashe bai daina ba ko na rana ɗaya. Ya fara kira, gida bayan gida, ba littafi ba allo, kafin azahar kowa ya kama gabansa da kayansa. Rigar amarya ita ta fara fita. Honarabul ya tafi da rigarsa ɗaya a cikin keken shata, yana zaune a tsakiya shi kaɗai.

Da shago ya watse Madam ta ɗauki makullin, ta tsaya a gaban Baba, muryar nan tata ta yi ƙasa har ban taɓa jin ta haka ba. Ta ce, "Baba, na yi maka laifi a gaban mutane. Ka yafe ni." Ya ce, "Ya wuce, Madam," ya mayar da igiyarsa wuya, ya koma kan gugarsa. Ni kuwa ta ce in gyara abin da na ɓata, kuma kada in kuskura in taɓa mata ƙusa ko ɗaya a bango. Matan ƙungiya ba su zo ba a shekarar. Da suka fara zuwa daga baya, ba Iliya suke tambaya ba, cewa suke ina shagon Injiniya Singileti, wanda aka ce in ya yi kuskure yana faɗa.

Shi ya sa in kun kawo mini aikinku kuka ce kun gwada yana yi, nake tambaya da mutum nawa kuka gwada. In kun ce ɗaya, sai in nuna muku ƙusar can da ke saman teburina, inda kuke ta tambaya me tsohon singileti yake yi. Baba ne ya kawo mini shi ranar da na saka gyaran, a goge, a ninke, hujin nan uku duk ya ɗinke su da shuɗin zare, ya ce kalata ke nan daga yau. Ya tsaya a bayana yana kallon allon, hannunsa a kan makullin wuyansa.

Ya ce, "Injiniya, yanzu kowa da buhunsa?"

Bakina har ya buɗe zai ce e. Na rufe shi, na jawo kujera.

Na ce, "Bari in duba, Baba."